Waiwaye: Inda tafiyar manɗiƙi ta cije a ƙirƙirarriyar basira

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ake ta ce-ce-ku-ce kan yadda irin waɗannan manhajoji ke shara ƙarya ko gezau, alhali sun haddace tarin rubuce-rubucen intanet. Wasu na ganin mafita ita ce a koma ga manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, a rubuta wa na'ura ƙa'idoji ta riƙa bin hujja daki-daki. To ai daga can aka taso.

Farkon labarin sananne ne: taron masana a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956 da ya aza harsashin fannin ƙirƙirarriyar basira, Prolog, harshen rubuta manhaja mai aiki da manɗiƙi, da aka ƙirƙiro a Faransa a 1972, sai maƙudan kuɗin da Japan ta zuba kan wannan hanya daga 1982.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne matsalar "galibi". Manɗiƙin asali ba ya janye magana. In ka ce tsuntsu yana tashi, ka kuma ce jimina tsuntsuwa ce, to tilas jimina ta tashi. Mutum kuwa ya san galibin tsuntsaye ne ke tashi ba duka ba, da zato yake rayuwa, sabon bayani na zuwa ya sake hukunci. A 1980 masana John McCarthy da Raymond Reiter, kowa da salonsa, suka fito da manɗiƙin da zai iya lashe amansa, aka ɗauka an gama.

Sai a 1986 Steve Hanks da Drew McDermott na jami'ar Yale suka gwada shi da ɗan gajeren labari. An ɗura bindiga, an ɗan jira, an harbi wani mai suna Fred. Ko yaro ka tambaya zai ce Fred ya mutu. Lissafin kuwa ya ba da amsa biyu: ko Fred ya mutu, ko bindigar ta wofinta da kanta lokacin jiran, Fred na nan garau. A wurinsa duk ɗaya ne, tunda amsar da ta fi ƙarancin sauyi yake zaɓa, kuma kowace amsa sauyi guda ta ƙunsa. An toshe wannan kafa daga baya, amma ta nuna cewa abin da kowa ya sani ba tare da an faɗa masa ba shi ne mafi wuyar rubutawa.

Sannu a hankali masu bincike suka karkata ga na'urar da ke koyo daga ɗimbin misalai. Ita ta iya "galibi" sosai, hujja ce ba ta da ita. Yanzu ana ƙoƙarin haɗa biyun: a 2024 tsarin warware lissafi mai suna AlphaProof, wanda ke koyo daga misalai yana kuma miƙa kowace hujjarsa ga manhajar manɗiƙi mai suna Lean ta tantance, tare da takwaransa AlphaGeometry 2, sun kai matakin lambar azurfa kan tambayoyin gasar lissafi ta duniya.