Dokar digiri 180: yadda ake gano kusurwar da ta ɓace a alwatika

Dokar gajeriya ce: duk alwatikar da aka zana a shimfiɗaɗɗen wuri, jimillar kusurwoyinta uku digiri 180 ne, ba ƙari ba ragi. In ka san biyu, haɗa su, ka debe daga 180, abin da ya saura shi ne ta uku. Ɗaliban unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi masu shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, sun haddace wannan tun suna ƙaramar sakandare. Inda ake tuntuɓe shi ne idan minti ya shigo.

Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba, kamar awa a agogo. Ƙidayar sittin-sittin ɗin gadon mutanen Babila ne. Don haka ba a barin minti ya kai 60 a amsa, kuma idan aka ranto digiri ɗaya, 60 ake rantowa.

Ɗauki kusurwoyi biyu, 47°38′ (wato digiri 47 da minti 38) da 68°45′. Haɗa digiri daban, minti daban: 115°83′. Tunda 83 ya haura 60, cire 60 ka mai da shi digiri ɗaya, ya zama 116°23′. To 180° ba shi da mintin da za a debe 23 daga ciki, sai a rubuta shi 179°60′. Debewa ta ba da 63°37′. Kada ka tashi sai ka gwada: haɗa ukun, za ka samu 178°120′, wato 180° cif.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a danna 47.38 da 68.45 a kalkuleta. Amsar za ta fito 64.17, mutum ya rubuta 64°17′, ya kauce da minti 40. Ai 38′ ba 0.38 ba ne, 38 bisa 60 ne, kusan 0.63. A Casio akwai maɓalli mai alamar °′″. Shi ake dannawa bayan digiri, a sake dannawa bayan minti.

Kada a raina minti 40. Takardar awon fili da safiyo ke zanawa a Ghana tana nuna fuskar kowace iyaka da digiri da minti. A iyaka mai tsawon ƙafa 100, kaucewar minti 40 tana gusar da ƙarshen katanga fiye da ƙafa ɗaya, kuma ƙafa ɗaya a Kumasi ta isa haɗa maƙwabta rigima.

In akwai kusurwar 90°, debe wadda ka sani daga 89°60′ kawai. In gefe biyu tsawonsu ɗaya kuma kusurwar sama 40°30′ ce, saura 139°30′ za a raba biyu. Da yake 139 mara ne, ranto digiri ɗaya tukuna: 138°90′. Kowace kusurwar ƙasa 69°45′ ke nan.