Kalmomin Safiyo da Rajistar Filaye: Tambayoyi da Amsoshi

Takardar fili ba ta cika shafuka da yawa ba, amma kusan kowane layi a cikinta yana ɗauke da kalmar da ba a jin ta a hirar yau da kullum. Yawancinmu sunanmu muke dubawa, mu duba girman filin, mu ninke takarda mu adana. Sai ranar da maƙwabci ya fara haƙa harsashin katangarsa ake ɗauko ta a karanta sauran layukan. Ga tambayoyin da suka fi tasowa a irin wannan rana, waɗanda ya fi kyau a san amsarsu tun ba ta zo ba.

Mene ne ainihin aikin ɗan safiyo?

Abu uku yake aunawa: nisa, da kusurwa, da tsayi. Daga su yake fitar da matsayin kowace kusurwar fili a doron ƙasa. Sana'ar daɗaɗɗiya ce. A tsohuwar Masar, idan kogin Nilu ya yi ambaliya ya shafe iyakokin gonaki, ma'auna ne ke fitowa da igiyoyi masu ƙulli su mayar wa kowa nasa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ɗan safiyon da aka kira kan tsohon fili ba sabuwar iyaka ya zo yi ba. Sawun wanda ya fara auna wurin ya zo bi. Ko da na'urarsa ta fi ta wancan kyau nesa ba kusa ba, aikinsa shi ne ya gano inda aka kafa iyakar tun asali. Kuma shi ba alƙali ba ne, hujja yake tarawa ya faɗi ra'ayinsa na gwani. Yanke hukuncin mallaka na kotu ne.

Me ya sa ake ɗaukar ɗan turken siminti da muhimmanci haka?

Turken iyaka, wanda wasu ke kira bikon, shi ne alamar da aka kafa a kusurwar fili, ko ginshiƙin siminti mai lamba, ko rodi, ko dutsen da aka sassaƙa. Akwai kuma alamu na halitta, kamar kogi, ko tsauni, ko babbar bishiya.

Nauyinsa yana bayyana ne idan hujjoji suka saɓa wa juna. A ce takarda ta rubuta mita 50 tsakanin kusurwa biyu, an auna tsakanin turakan asali an samu mita 49. Wanne za a bi? Kotuna a ƙasashe da yawa da suka gaji dokar Ingila suna da jerin da suke bi: alamar halitta ce a gaba, sai turken da mutum ya kafa, sai alƙibla da nisan da aka rubuta, sai girman fili a can ƙarshe. Hikimar ba ɓoyayya ba ce. Ranar da aka yi ciniki, turakan ne mai sayarwa da mai saye suka tsaya a kansu suka gani da idonsu. Lambar da ke takarda kuwa tana iya fitowa daga tef ɗin da ya saki, ko alƙalamin magatakarda da ya zame. A ganina wannan ce ƙa'idar da ta fi kowace cancantar mai fili ya riƙe, domin ita ke nuna dalilin da ya sa tumɓuke turke ko gusar da shi yake laifi a dokokin ƙasashe da dama. Sharaɗi ɗaya ne: dole turken ya kasance na asali, kuma yana inda aka dasa shi.

Kada a haɗa shi da alamar tsayi. Ita ana maƙala ta a jikin gini ko gada ko dutse don nuna tsayin wurin daga matakin teku, injiniyoyin hanya da magudanan ruwa ne ke aiki da ita, ba ta raba filin kowa.

Eka, hekta, sarƙa: yaya suke?

Hekta ita ce mai sauƙi: murabba'in mita 10,000, wato fili mai mita 100 a kowane gefe. Eka kuwa murabba'in ƙafa 43,560 ce, kimanin murabba'in mita 4,047, don haka hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Wannan lamba ta 43,560 tana da alaƙa da sarƙa. A 1620 wani masanin lissafi na Ingila, Edmund Gunter, ya fito da sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66, wadda aka raba ta gaɓa 100. Sarƙa 80 ita ce mil ɗaya, fili mai sarƙa goma a tsawo da sarƙa ɗaya a faɗi kuma shi ne eka ɗaya. Shi ya sa tsofaffin takardu a ƙasashen da Ingila ta mulka suke cike da sarƙa da gaɓa. Fuloti kuwa ba ma'auni ba ne, yanki ne da aka yanka aka ba shi lamba, girmansa ya danganta da wanda ya tsara wurin.

Wani abin da ke jawo gardama shi ne, safiyo a shimfiɗe yake auna nisa, kamar ƙasar ba ta da tudu. Idan aka ja tef mita 100 a kan gangara mai digiri 10, abin da zai shiga takarda kusan mita 98 da rabi ne. Ba a cuci kowa ba. Haka kuma idan aka ga an rubuta girman fili an bi shi da kalmar da ke nufin «ko fiye ko ƙasa da haka», ma'anarta ita ce iyakokin da aka bayyana ake sayarwa, lambar girman kiyasi ce.

Lambobin nan masu digiri da minti a gefen layukan taswirar fili fa?

Alƙiblar layin ce, wato kusurwar da ya yi da arewa. Ana raba da'ira digiri 360, kowane digiri minti 60, kowane minti sakan 60. Wannan tsantseni ba na banza ba ne: kuskuren digiri ɗaya a layi mai tsawon kilomita ɗaya yana kauce wa wurin da aka nufa da fiye da mita 17.

Sai dai a tambayi wace arewa. Akwai arewa ta haƙiƙa, wadda ke fuskantar ƙurewar duniya. Akwai arewar da allurar kamfas ke nunawa, wadda ta bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma take gusawa shekara bayan shekara. Akwai kuma arewar layukan taswira. Wanda ya ɗauki takardar da aka auna da kamfas shekara ɗari da suka wuce ya bi ta da kamfas ɗin yau ba tare da gyara ba, zai iya ƙarewa a cikin gonar wani yana rantsuwa tasa ce.

Idan ɗan safiyo ya zagaye fili daga turke zuwa turke ya dawo inda ya fara, lissafinsa ba ya taɓa rufewa cif. Ɗan giɓin da ya rage shi ake kira kuskuren rufewa, ana rubuta shi kamar 1 cikin 5,000, wato kuskuren mita ɗaya a tafiyar mita 5,000. Hukumomin safiyo suna da haddin da idan aka wuce shi sai an sake aikin.

Ta yaya ake siffanta fili a rubuce?

Hanya mafi tsufa ita ce bin iyaka. A fara daga wani sanannen wuri da ake kira mafari, a ce a nufi alƙibla kaza nisa kaza zuwa dutse, daga nan a juya zuwa bakin rafi, har a dawo mafarin. Rauninta shi ne bishiya tana faɗuwa, dutse yana gusawa. Hanya ta biyu ita ce ambaton lambar fuloti da lambar rukuninsa a taswirar da aka riga aka yi wa rajista, wadda ta fi yawa a birane.

Ta uku ita ce ta Amurka. Da dokar 1785 aka fara yanka ƙasar gwamnati murabba'i-murabba'i tun kafin a sayar, aka soma daga gaɓar kogin Ohayo. Ana kafa babban layi daga kudu zuwa arewa da wani daga gabas zuwa yamma, daga su a yanka taunship mai mil shida a kowane gefe. Kowane taunship yana da sekshan 36, kowane sekshan murabba'in mil ɗaya ne, eka 640. Rubu'insa, eka 160, shi ne abin da dokar 1862 ta bai wa mutumin da ya zauna ya noma. Amma duniya ba faranti ba ce, layukan kudu zuwa arewa suna matsowa kusa da juna yayin da ake nufar arewa, don haka sai da aka riƙa sa layukan gyara a kowane mil 24. Har yau akwai hanyoyin karkara a can da ke tafiya a miƙe, sai kwatsam su yi ɗan lanƙwasa a daidai waɗannan layuka.

Tunda waya tana da GPS, ba zan iya nemo iyakata da ita ba?

A'a. Waya tana iya kaucewa da mita da yawa, na'urar ɗan safiyo kuwa, da taimakon tashar da ke gyara mata kuskuren awo, tana kaiwa ga 'yan santimita. Ko da wayar ta yi daidai, lambobin matsayi ba su da ma'ana sai an san datum ɗinsu, wato ginshiƙin lissafin da aka ɗora su a kai. GPS da datum mai suna WGS 84 yake aiki, tsofaffin taswirori da yawa kuma an zana su ne a kan datum na ƙasarsu, bambancin yakan haura mita ɗari. Wanda ya tsaya a kan shahararren layin Girinwich a Landan, wanda daga shi ake fara ƙirga digirin gabas da yamma, zai ga wayarsa ba ta nuna sifili ba, sai ya matsa kimanin mita 100 gabas. Ita kanta ƙasar tafiya take yi: nahiyar Ostareliya tana gusawa kusan santimita 7 a shekara, har sai da ta maye gurbin datum ɗinta na 1994 da na 2020, lambobi suka canza da kimanin mita 1.8.

Mene ne kadasta, kuma ita ce rajistar mallaka?

Kadasta kundi ne na gwamnati da ke nuna kowane yanki na ƙasa da lambarsa, da girmansa, da taswirarsa, sau da yawa har da darajarsa. Haraji ne ya haife ta a wurare da dama, kamar wadda Napoliyon ya ba da umarnin yi wa Faransa a 1807. Tana amsa tambayar ina filin yake. Tambayar wane ne mai shi kuwa ta rajista ce, ita kuma iri biyu ce.

A rajistar takardun ciniki, ofis yana karɓar takardar da ke nuna wane ya sayar wa wane, ya adana ta da kwanan wata, amma bai lamunce cewa mai sayarwar yana da abin da ya sayar ba. Dole mai saye ya bi salsalar mallaka baya, hannu bayan hannu, kuma gaɓa ɗaya ta jabu tana iya rusa duk abin da ya biyo bayanta. A rajistar mallaka, abin da ke cikin littafin gwamnati shi ne mallakar. Robert Torrens ne ya kawo wannan tsari a Kudancin Ostareliya a 1858, aka sa masa sunansa. Ana taƙaita shi da kalma uku: madubi, domin littafin yana nuna halin da filin yake ciki, labule, domin ba sai an leƙa tarihin baya ba, da lamuni, domin gwamnati tana biyan diyya ga wanda kuskuren littafin ya cutar. Kafin mutum ya ba da kuɗinsa, ya kamata ya san wanne daga cikin biyun ke aiki a inda filin yake.

Jan layin da aka zagaye filina da shi a taswirar rajista, shi ne iyakar?

Ba lallai ba. A duba sikeli. A taswira mai 1:2,500, milimita ɗaya mita biyu da rabi ce a ƙasa, kaurin layin alƙalami kaɗai ya isa ya haɗiye mita guda. Rajistar Ingila ma ta fito fili ta ce taswirorinta iyaka ta kiyasi suke nunawa, sai wanda ya nemi a tantance masa tasa dalla-dalla.

Wane nauyi ne ake cewa yana kan fili?

Duk wani haƙƙi na wani da ke bin filin ko da ya canza hannu: jingina ga banki, haya mai dogon zango, haƙƙin maƙwabci na bi ta ciki ya kai hanya, haƙƙin ratsa bututu ko wayar lantarki. Akwai kuma gargaɗin da mai da'awa ke sa wa a rajista don a dakatar da ciniki har a saurare shi. Cin iyaka daban ne, shi ne gini ko shinge ya shiga filin wani. Idan aka yi shiru a kansa, dokar wasu ƙasashe tana bai wa wanda ya daɗe a wuri a bainar jama'a, ba da izini ba, damar neman mallakarsa. A Ingila wa'adin shekara 12 ne ga filin da ba shi da rajista.

Idan kogi ne iyaka, ya kuma canza hanya fa?

Ana duba yadda ya canza. Idan a hankali yake zaizayar wannan gaɓa yana tara ƙasa a waccan, yadda ido ba ya ganin motsin, iyaka tana bin ruwan, wani ya samu wani ya rasa. Idan kuwa ambaliya ce ta sa ya yanke sabuwar hanya farat ɗaya, iyaka tana nan a tsohon kwarin. Rarrabe biyun ba koyaushe yake da sauƙi ba. Kogin Riyo Girande ya gusa kudu tsakanin garin El Paso na Amurka da Siyudad Huwares na Meziko, musamman a ambaliyar 1864, Amurka da Meziko suka shafe kusan shekara ɗari suna jayayya a kan yankin Chamizal, kowa yana riƙe da fassarar da ta yi masa daɗi. Sai a 1963 suka sa hannu a yarjejeniya, aka mayar wa Meziko mafi yawan yankin, aka kuma gina wa kogin magudanar kankare a daidai wurin don kada ya sake gusawa.