Salama a lokacin damuwa a koyarwar Kirista

Salama, a bakin Kiristocin ƙasar Hausa, ita ce kwanciyar ran da mai bi yake samu ta dogara ga Allah ta wurin Yesu Almasihu, ko da abin da ya tayar masa da hankali yana nan bai gushe ba. Tushenta ɗaya da kalmar "shalom" ta Ibrananci, wadda ta ƙunshi lafiya da cikar abu da zaman daidai tsakanin mutum da Mahaliccinsa da maƙwabtansa. Masu koyarwa sukan raba ta biyu. Akwai salama da Allah, wadda Romawa 5:1 ta ce ana samunta ta bangaskiya, ita kuwa ba ta hawa ba ta sauka da yanayin zuciya. Akwai kuma salamar da ake ji a rai, wadda takan zo ta tafi kamar lafiyar jiki. Yawancin ruɗanin da masu bi ke shiga daga haɗa waɗannan biyun yake fitowa: mutum ya ji gabansa na faɗuwa, sai ya ɗauka Allah ne ya juya masa baya.

Tushenta a Zariya

Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, ya zauna a birnin Zariya daga 1905. A 1929 mishan ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ga makaranta, ga asibitin St. Luke. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller ya yi babban aiki wajen fassararsa, ya fito a 1932. Majami'a da asibiti tare suka taso a Wusasa, kuma Miller da ya ja ragamar aikin a Zariya tun farko likita ne. Ke nan ganin shan magani a matsayin raunin bangaskiya ba gadon wannan gida ba ne.

Abin da Nassi ya koyar

Ayar da aka fi ja ita ce Filibiyawa 4:6-7, inda Bulus ya ce kada a damu da komai, a kai roƙo ga Allah da addu'a tare da godiya, salamar Allah kuwa za ta tsare zuciya da tunani. Daga kurkuku ya rubuta wannan, kuma kalmar da ya yi amfani da ita ta tsarewa kalmar soja ce, ta mai gadin ƙofar gari. Sai dai kalmar Helenanci da aka fassara da damuwa a nan, ita ce dai Bulus ya yaba wa abokin aikinsa Timoti da ita a Filibiyawa 2:20 saboda kulawarsa da ikilisiya, shi kansa ma ya ce a 2 Korantiyawa 11:28 damuwar ikilisiyoyi tana kansa kullum. Abin da ake hani da shi ke nan ba kulawa ba ce, riƙe kaya ne a kai ba tare da saukewa ba. Haka 1 Bitrus 5:7 ta kwatanta shi, a ɗora wa Allah dukan kayan domin yana kula. A Matiyu 6:25-34 Yesu ya nuna tsuntsaye da furannin jeji, ya rufe da cewa wahalar yau ta isa wa yau.

Wanda ya tsaya a waɗannan ayoyi kaɗai ya karanta rabi. Kusan kashi ɗaya bisa uku na Zabura 150 kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a ayoyi biyu na farko, Zabura 88 kuwa a cikin duhu ta ƙare, ba a ɗora mata kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba. A Getsamani, Markus 14:33-34 ta nuna Yesu cikin matsanancin baƙin ciki, har ya roƙi almajirai uku su zauna a faɗake tare da shi. Tun da Kirista sun gaskata bai taɓa zunubi ba, tashin hankali shi kaɗai ba zai zama zunubi ba.

Labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 shi ne ya fi amfani ga mai jinya. Annabin ya gudu daga sarauniya Yezebel da ke neman ransa, ya yi tafiyar yini guda a jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi, ga waina a kan garwashi da tulun ruwa, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai daga baya, a Dutsen Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurari ƙorafinsa sau biyu, ya gyara masa zatonsa na cewa shi kaɗai ya rage, ya ba shi aiki da abokin tafiya, wato Elisha. Fastocin da suka ƙware a ba da shawara wannan jeri suke bi: abinci da barci, sauraro, gyaran tunani, sannan komawa cikin mutane.

Damuwar yau da kullum da ciwon damuwa

Zullumin kuɗin makaranta, ko fargabar hanya, ko jiran sakamakon asibiti, duk abu ne na ɗan Adam, yakan lafa idan dalilinsa ya wuce. Ciwo kuwa shi ne idan damuwar ta zarce dalilinta, ta zama kusan kullum har wata shida, ta hana barci da aiki, ga ciwon wuya da kafaɗa, ga saurin fushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da irin waɗannan cututtuka a 2019, mata sun fi maza yawa.

Wani nau'in farat ɗaya yake zuwa. A ɗauki ɗalibi a Samaru, saura mako guda jarrabawa, ya cika cikinsa da shayi mai kauri don ya yi karatun dare. Ƙarfe biyu sai zuciya ta hau bugu, gumi ya karyo, ƙirji ya matse, yatsu da leɓe su yi kamar ana tsira musu allura, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Abin da ya faru shi ne jiki ya saki sinadarin adiranalin kamar ya ga maciji, numfashi ya yi sauri, iskar kabon da ke cikin jini ta ragu, daga nan jiri da mutuwar yatsu suke fitowa. Yakan kai ƙololuwa cikin minti goma, sannan ya fara sauka da kansa. Wanda abin ya fara samu a karon farko, musamman babba ko mai hawan jini, a kai shi a duba zuciyarsa tukuna.

Yadda ake yi

A lokacin da abin ya taso, doguwar addu'a ba ta yiwuwa, tunani ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai a zauna, a ɗora tafin hannu a ciki, a ja iska ta hanci a ƙirga huɗu, a sake ta a hankali a ƙirga shida. Wannan ya kama numfashi shida a minti ɗaya, a yi ta har minti biyar. Fitar iskar ce ya kamata ta fi tsawo, domin ita ke rage gudun zuciya. Masu zuƙar iska da ƙarfi a kai a kai ƙara wa kansu jiri suke yi. Ana ɗora gajeriyar addu'a a kai: "Ubangiji Yesu" wajen ja, "ka yi mini jinƙai" wajen saki. Ikilisiyoyin Otodoks na ƙasashe irin su Girka da Rasha sun yi ɗaruruwan shekaru suna irin wannan addu'a, kuma kalmominta na roƙon makaho Bartimawas ne.

Na kullum kuwa tsari yake so. A keɓe minti goma sha biyar a lokaci ɗaya kowace rana, da yamma kafin duhu ya fi, kada ya zama a kan gado. A rubuta abin da ke damun rai da sunansa. "Ina tsoron komai" ba ya kamuwa, amma "kuɗin haya zai ƙare a watan gobe" abu ne da za a iya kaiwa gaban Allah, a kuma yi masa dabara. A raba takardar biyu, abin da ke hannun mutum da abin da ba ya hannunsa. Na farko a sa masa mataki ɗaya da rana, na biyu a ambace shi cikin addu'a sau ɗaya, a haɗa da godiya a kan abu uku takamaimai na wannan yini, a rufe littafin. Idan tunanin ya dawo da tsakar dare, amsarsa ita ce an riga an miƙa shi, sai gobe a lokacinsa. Daga nan a karanta Zabura guda da murya, a yi bimbini a kan aya ɗaya. Ga mai ruɗaɗɗen rai, Zabura 42 ko 46 sun fi babi goma da aka bi a guje.

Jiki ma yana da hakki. Babba na bukatar barcin awa bakwai zuwa tara. Goro da shayi da kofi duk suna da sinadarin kafin, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kimanin awa biyar, don haka a tsaya da su daga azahar. Tafiyar ƙafa ta minti talatin a yawancin ranakun mako tana rage damuwa.

Zumunta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Galatiyawa 6:2 ma cewa ta yi a ɗauki nauyin juna. A majami'un Wusasa da Sabon Gari da Tudun Wada, Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa su ne sukan fara lura wani ya daina zuwa sujada. Matsalar ita ce gaisuwa tana rufe magana: "Mama, yaya jiki?" "Da sauƙi." An gama. Mai ziyarar da ya san aiki yakan zauna ya ƙara da, "Mama, kwana biyu kina samun barci kuwa?" Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru, da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ɓata. Abin da aka ji a ɗaki kuma kada ya fito a taro da sunan roƙon addu'a, sai da izinin mai shi.

Inda ake kuskure

Babban kuskure shi ne a ce wa mai ciwo bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci, ko akwai zunubin da ya ɓoye. An ƙara masa damuwa ta biyu ke nan a kan ta farko, alhali a Yohanna 9 Yesu ya ƙi danganta makantar mutum da zunubinsa ko na iyayensa. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya a jiki, ba a cire ba. Sai ɗora wa mara barci addu'ar dare a jere da dogon azumi: rashin barci da saukar sukarin jini su kansu suna kawo rawar jiki da bugun zuciya, mutum ya ga kamar yaƙin ruhu ne ya tsananta. Akwai kuma mai maimaita tuba a kan laifi ɗaya sau ashirin a yini, ba ya samun natsuwa. Wannan sau da yawa alamar ciwo ce, ƙara masa tabbaci kowane lokaci ciyar da ciwon yake yi.

Lokacin zuwa asibiti

Idan mako biyu suka wuce mutum ba ya iya aiki ko cin abinci ko barci, ko mai jego ta shiga kuka da tsoro ba dalili, a ga likita. Ƙarancin jini da yawan aikin ƙullin maƙogwaro mai suna tayirod suna kwaikwayon ciwon damuwa, gwajin jini ke bambancewa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na wannan fanni a Barnawa, Kaduna. Maganin tattaunawa da ƙwararre, wanda ke koya wa mutum gane tunanin da ke ruɗinsa da tunkarar abin da yake gudu a hankali, yana aiki sosai. Ƙwayoyi irin su fluoxetine da sertraline sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, a makon farko ma damuwar kan ɗan ƙaru, a nan ne da yawa suke jefar da su. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba aƙalla wata shida, ba a kuma yanke su rana ɗaya, ko da an ba da shaidar warkewa a majami'a. Likita ne ke rage su a hankali. Diazepam da ake saya a kemis ba takarda yana kwantar da jiki nan take, amma bayan 'yan makonni jiki ya saba, barinsa ya zama wani ciwon.

Wanda ya ambaci kashe kansa, ko da cikin wasa, a tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da sauran maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar, fasto ko dattijon ikilisiya ya raka su in da hali.