Mahaifa ta zazzago ana jiran tiyata: a kwanta ne ko a motsa?

Waɗannan tambayoyin matanmu na Jidda da Makka ke yawan yi, musamman waɗanda likita ya sa musu ranar tiyata nan da wata uku ko huɗu suna zaune cikin fargaba.

In ina yawan tafiya ba za ta ƙara fitowa ba?

Hajiya tafiya a hankali ba ita ce matsalar ba. Naman da ke tallafe mahaifa da mafitsara da dubura ne ya saki, yawanci saboda yawan haihuwa ko doguwar naƙuda ko bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa da yamma za ki ji nauyi kamar wani abu zai faɗo, in kin kwanta kuma ya lafa. Wlh abin da ke ban tausayi shi ne mace ta kulle kanta a ɗaki ba motsi, ƙiba ta ƙaru, suga ya hau, bayan gida ya yi tauri, alhali yunƙurin bayan gidan nan shi ke ƙara turo ta ƙasa. Ki riƙa taka ƙafa bayan asuba ko bayan isha'i lokacin da zafi ya sauka, ko minti 20 ne, kin gaji ki zauna.

To me zan bari?

Ɗaukar nauyi. Tukunyar gas, buhun shinkafa, jarkar ruwa a hau bene da ita, goya jika ƙato, duk ki bar wa yara. Na san masu aikatau ba su da zaɓi sosai, in ya zama dole ki durƙusa, ki matso da kayan jikinki, ki fitar da numfashi lokacin ɗagawa, kar ki riƙe shi. Tari mai naci ma a yi maganinsa.

Umra fa?

Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 ya kai kusan kilomita 3, ga ɗawafi ga cunkoso. Ki tambayi likitarki tukuna, kuma hawa keken marasa lafiya ya halatta ga mai lalura, haka ma sallah a zaune in tsayuwa ta gagara.

Akwai motsin da ke taimakawa?

Akwai, ana ce masa Kegel. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari da iska, ki ƙirga zuwa 10 in za ki iya, ki saki, sau 8 zuwa 10, sau uku a rana, amma ba lokacin da kike fitsari ba. Sai an yi watanni ake ganin amfani, kuma in ta fito sosai ba zai mayar da ita ba, sai dai ya rage yoyon fitsari. Ki kuma tambaya a kan zoben roba da ake sawa ciki ya tokare ta kafin ranar aikin.

Yaushe zan koma asibiti ba jiran rana?

In fitsari ya ƙi fita, ko kin ga jini, ko gyambo a naman da ya fito, ko zazzaɓi da zafin fitsari. Dan Allah ranar ki je, kar kunya ta hana ki, ki ce mace kike so ta duba ki.