Auna Hatsarin Sinadarai ga Lafiyar Ɗan Adam

Auna hatsarin sinadarai fanni ne na ilimin guba da kiwon lafiyar jama'a. Aikinsa shi ne gano yawan sinadarin da zai iya shiga jikin mutum, ta ci ko sha ko shaƙa ko ta fata, ba tare da ya yi masa lahani ba. Daga wannan lissafi ne hukumomi ke yanka iyaka: maganin ƙwari nawa aka yarda a samu a kilon wake, dalma nawa a litar ruwa, tururin sinadari nawa ma'aikaci zai shaƙa cikin awa 8 na aikinsa. Mai karanta lambar a takardar doka zai ɗauka a sikeli aka auno ta. A gaskiya wani sashe nata daga gwaji ya fito, wani sashen kuma daga ƙiyasin masana game da nauyin mutum, da abin da yake ci, da irin zaman da yake yi. Amfanin iyakar ya rataya ne a kan dacewar wannan ƙiyasi da rayuwar mutanen da ake son karewa.

Asali

Ana danganta tushen fannin ga Paracelsus, likita haifaffen Suwizalan da ya rayu daga 1493 zuwa 1541. A 1538 ya rubuta cewa kowane abu guba ne, yawan da aka sha ne kawai ke raba guba da abin da ba guba ba. Duk mai girki ta san haka game da gishiri da kanwa. Amma mayar da wannan magana lissafi sai a ƙarni na 20, lokacin da masana'antu suka cika abinci da rini da sinadaran hana lalacewa, gonaki kuma suka cika da maganin feshi. A 1954 Arnold Lehman da Garth Fitzhugh na hukumar abinci da magunguna ta Amurka suka ba da shawarar a riƙa raba sakamakon gwajin dabbobi gida 100 kafin a ɗora shi kan mutum. A 1956 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa, JECFA, wanda a farkon shekarun 1960 ya karɓi ra'ayin René Truhaut na Faransa na ƙayyade abin da mutum zai iya ci kullum har tsawon rayuwarsa. A 1983 majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta kasa aikin kashi huɗu: gano ko sinadarin na cutarwa, gano yadda illa ke ƙaruwa da yawan abin da aka sha, ƙiyasta abin da ke shiga jikin mutane, sannan haɗa duka a bayyana girman hatsarin. Tsarin da ake bi ke nan har yau.

Iya cutarwa daban, hatsari daban

Kunamar da ke ƙarƙashin dutse a jeji da wadda ke cikin takalmi dafinsu ɗaya, hatsarinsu ne ya bambanta. Rashin rarrabe waɗannan biyu shi ke jawo yawancin ruɗanin da ake gani a labarai. Cibiyar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, da aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1965, tana duba ƙarfin hujjar cewa abu na iya haddasa kansa, ba ta auna yawan da zai haddasa ta. Shi ya sa taba da giya da naman da aka sarrafa a masana'anta suke rukuni ɗaya a wurinta, alhali ɓarnar taba ta yi wa ta naman nisa. A Yulin 2023 cibiyar ta sa asfatam, sinadarin zaƙin da ake zubawa a lemon kwalba marar sukari, cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa kansa. A rana guda JECFA ta sanar cewa iyakarsa tana nan a miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum, wanda mai kilo 70 sai ya sha gwangwani 9 zuwa 14 kowace rana kafin ya haura. Hukumomin biyu ba su saɓa wa juna ba, tambayoyi biyu suka amsa.

Yadda ake fitar da iyaka

Galibi ana farawa da ɓerayen ɗakin gwaji. A kasa su rukuni-rukuni, a riƙa ba kowane rukuni wani ma'auni na sinadarin a cikin abinci, rukuni ɗaya kuma a bar shi ba a ba shi komai. Gwajin na iya ɗaukar kwana 90, ko shekara 2 idan ana neman illar tsawon rai. Ana auna nauyinsu da jininsu, a duba haihuwarsu, a ƙarshe a fede su a binciki hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Abin da ake nema shi ne ma'auni mafi girma da ba a ga wata illa a kansa ba. Tun bayan aikin Kenny Crump na 1984, masana da dama sun koma zana layin lissafi da ya ratsa dukkan sakamakon, su ɗauko inda illa ta ƙaru da kashi 5 ko 10 cikin 100, domin wancan ma'auni na farko yana rataye da matakan da mai gwaji ya zaɓa da yawan ɓerayensa.

Daga nan sai rabawa. A ƙaddara, don misali kawai, ma'aunin ya fito miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum. Za a raba shi gida 10 saboda mutum zai iya fin ɓera rauni, a sake rabawa gida 10 saboda mutane ba ɗaya ba ne: akwai jariri, da mai juna biyu, da tsoho, da mai ciwon ƙoda. Saura miligiram 0.1. Babban mutum mai kilo 60 yana da miligiram 6 ke nan a yini. Idan iyakar ruwan sha ake so, Hukumar Lafiya ta Duniya kan ware wa ruwa kashi 20 cikin 100 na wannan, ta bar sauran wa abinci da iska, sannan ta ɗauka mutum na shan lita 2 a rana. Miligiram 1.2 a raba gida 2, iyaka ta zama 0.6 a kowace lita.

Kowane mataki na lissafin nan yana da mutum a bayansa. Lita 2 ba ta isar manomin Sakkwato ko mai dakon kaya a kasuwar Damagaram a watan Afrilu, kuma wanda ya sha lita 5 ya ninka rabon ruwansa sau biyu da rabi. Yaro mai kilo 10 da ke shan lita 1 na ruwan nan zai cinye kashi 60 cikin 100 na iyakarsa daga ruwa kaɗai. Hukumar da kanta tana shawartar ƙasashe su gyara lambobinta gwargwadon yanayinsu, musamman a kan fuloraid, sinadarin da ake samu a ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda iyakarsa miligiram 1.5 ce a lita. Mutanen Tibiri a jihar Maraɗi sun san abin da ya wuce iyakar yake yi: ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya bar yara masu yawa da jajayen haƙora da karkatattun ƙasusuwa.

Sinadaran da ba su da matakin aminci

Duk lissafin baya ya ginu ne a kan cewa akwai matakin da jiki ke iya jurewa. Sinadaran da ke lalata ƙwayoyin gado su haifar da kansa ba a yi musu wannan zato. Ana ɗauka ko ƙanƙani ne yana ƙara hatsari gwargwadonsa, don haka tambayar sai ta koma: hatsari nawa al'umma za ta haƙura da shi? A ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya kan ɗauki matakin da zai ƙara mutum 1 mai kansa cikin 100,000 da suka sha ruwan shekara 70. Wannan lamba shawara ce ta hukuma, babu gwajin da ya haife ta.

Misalin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne aflatoksin, gubar da wata fumfuna ke fitarwa a gyaɗa da masara idan fari ya galabaita shuka ko aka adana amfanin gona da danshi. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu har zuwa tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Birazil. Ba ta da wari, kuma suya ko tafasa ba sa kawar da ita gaba ɗaya, don haka tana iya bin gyaɗa zuwa ƙuli-ƙuli da kunu da yajin tsire. Kaɗan-kaɗan a tsawon shekaru tana jawo kansar hanta, mai yawa a lokaci guda kuwa tana kisa, kamar yadda gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004.

Nan ne ake ganin yadda lamba ɗaya ba ta nufin abu ɗaya ga kowa. JECFA ta ƙiyasta cewa ƙarfin aflatoksin wajen haddasa kansa ya ninka kusan sau 30 a jikin mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ciwon da ya yi yawa a Afirka ta Yamma. Tarayyar Turai ta yanka maikirogiram 4 (maikirogiram kashi 1 ne cikin 1,000 na miligiram) a kilo ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, Amurka 20, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, Codex, 15 ga wadda za a ƙara sarrafawa. Iyaka mafi tsauri tana inda ake cin gyaɗa jefi-jefi. Abin damuwa shi ne idan an tsince mai kyau an fitar waje, tsintar da ta rage a gida ake cinye ta, a wurin waɗanda gubar ta fi yi wa illa.

Hanyar shiga jiki

A matakai huɗun, ƙiyasta abin da ke shiga jiki shi ne wanda ba a iya aro daga wata ƙasa, dole sai an je an ga yadda mutane ke rayuwa. Annobar gubar dalma ta Zamfara ta nuna haka. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu aiki. Duwatsun zinaren da ake haƙowa a yankin cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a inji irin na hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma da kwanon abinci. Yaron da ke rarrafe a wurin ya sa hannu a ƙasa ya kai baki, cikinsa kuma yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da cikin babba ke tsotsewa. Masu bincike sun auna ƙasar wasu wurare sun samu dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo, a lokacin da iyakar Amurka ga filin wasan yara 400 ce. Yara kimanin 400 suka rasu.

Magance abin ma ta hanyar shigar aka bi. Ba a ga amfanin ba yaro maganin tsamo dalma daga jini a mayar da shi gidan da ya kwaso ta ba, don haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, aka binne ta, aka shimfiɗa mai tsabta. Bagega ba ta samu wannan aiki ba sai 2013. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Iyakar da ke kan kaya

Iyakar ragowar maganin ƙwari a amfanin gona ba ita ce matakin da ke sa ciwo ba. Ana fitar da ita ne daga abin da ke saura idan manomi ya yi feshi bisa ƙa'ida, sannan a tabbatar cewa mai cin abincin ba zai haura iyakarsa ta kullum ba. Maganin da ƙasa ba ta yarda da shi ba kuwa, akan sa masa mafi ƙanƙantar lamba. Da wannan ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015, bayan an yi ta samun dikulobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, sama da miligiram 0.01 a kilo. Masu ajiya suna yayyafa shi ne don tsoron ƙwarin wake, duk da cewa buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwarin ta hanyar toshe musu iska, ba da magani ba. A Najeriya hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke rajistar irin waɗannan magunguna da sa ido a kan abinci.

Sauyin iyakoki da saɓanin masana

Iyaka tana motsi idan awo ya ƙara kaifi. A shekarun 1960 likitocin Amurka ba sa damuwa da dalma a jinin yaro sai ta kai maikirogiram 60 a desilita, wato kashi 1 cikin 10 na lita. Bayan bincike irin na Herbert Needleman na 1979, wanda ya auna dalma a haƙoran yara na fari ya kwatanta da ƙwazonsu a makaranta, lambar ta yi ta sauka: 25 a 1985, 10 a 1991, 5 a 2012, 3.5 a 2021. A 2010 JECFA ta janye iyakarta ta mako-mako ga dalma baki ɗaya, domin ba ta samu matakin da ba ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba.

Akwai kuma gibin da fannin bai cike ba. Ana gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya, mutum kuwa a cakuɗe yake haɗuwa da su. Gwajin dabba yakan ɓata, kamar yadda talidomaid, maganin da mata masu ciki suka riƙa sha, ya shiga kasuwa a 1957 ba a gwada shi yadda ya kamata a kan dabbobi masu ciki ba, aka haifi dubban jarirai da nakasa kafin a janye shi a 1961. Kuma hukumomi kan karanta hujja ɗaya su fito da lambobi daban. A 2023 hukumar lafiyar abinci ta Turai ta sauke iyakar bisfenol A, sinadarin da ke cikin wasu robobi da rufin cikin gwangwani, daga maikirogiram 4 zuwa nanogiram 0.2 (nanogiram kashi 1 ne cikin 1,000 na maikirogiram) ga kowane kilo na nauyin jiki, ragin da ya kai ninki 20,000. Cibiyar auna hatsari ta Jamus ba ta gamsu da gwajin da aka dogara da shi ba, ta ba da tata lambar da ta ninka nanogiram 0.2 ɗin sau 1,000. A Disamban 2024 Tarayyar Turai ta bi ƙaramar lambar, ta haramta sinadarin a kayan da ke taɓa abinci.