Fui, fue, fueron: tambayoyi kan shuɗaɗɗen lokacin aikatau ir a Sifaniyanci

Yaya ake cewa "na je" da "sun je"?

Aikatau ɗin zuwa shi ne ir, amma a shuɗaɗɗen lokacin da ake kira pretérito indefinido ko kama da kansa ba ya yi. Siffofinsa shida ne: fui, na je, fuiste, ka je ko kin je, fue, ya je ko ta je, fuimos, mun je, fuisteis, kun je, fueron, sun je. A Hausa wakilin suna ke canzawa, "je" tana nan yadda take. A Sifaniyanci wutsiyar aikatau ce ke nuna mai aikin, shi ya sa ba dole ba ne a ce yo fui, fui kaɗai ta isa. Fuisteis kuma a Sifaniya ake jin ta, mutanen Meziko da Kolombiya ustedes fueron suke cewa.

An ce fui tana nufin "na kasance" ma. Gaskiya ne?

Ƙwarai kuwa. Ser, wato aikatau ɗin kasancewa, da ir siffofi ɗaya suke amfani da su a wannan lokaci, harafi da harafi. Asalinsu fui ta Latin, wadda ta aikatau esse ce, kakan ser. Daga baya ir ya ara ya riƙe.

Abin da ke biye da aikatau shi ke raba gardama. In ka ga a ko al sannan wuri ya biyo, tafiya ce: fui al mercado, na je kasuwa, fueron a Madrid, sun je Madrid. In suna ko sifa ce ta biyo, ser ne: fue profesor, ya taɓa zama malami; el examen fue difícil, jarrabawar ta yi wuya. Ita al ɗin kalmomin a da el ne suka haɗe, ba a rubuta su a rabe.

Ana sa alama a kan wasalin, kamar fué?

A'a. Tun dokokin rubutu na 1959 Real Academia Española, hukumar kula da harshen Sifaniyanci, ta cire alamar daga fue, fui, dio da vio, domin gaɓa ɗaya gare su. A tsofaffin littattafai za ka ci karo da fué, kada ka kwaikwaya.

Wane kuskure ya fi yawa?

Na farko fuistes, da s a ƙarshe. Masu harshen ma suna faɗin ta, saboda sauran siffofin tú, wato kai ko ke, galibi da s suke ƙarewa, kamar vas da eres, amma malami zai ja mata jan biro. Na biyu ya fi ɓata ma'ana: a ce fui en Madrid ana nufin an zauna can. Zama a wuri aikin estar ne, sai a ce estuve en Madrid. En tana bin fui ne in abin hawa ake nufi: fui en autobús, a bas na je.

To iba fa, ina matsayinta?

Fui zuwa ne da aka yi aka gama, galibi tare da ayer, jiya, ko anoche, daren jiya. Iba ta al'ada ce ko tafiyar da ake cikin yi: iba a la escuela todos los días, nakan je makaranta kullum a da. Tana kuma ɗaukar niyyar da ba ta cika ba: iba a llamarte, da ma zan kira ka. Siffofinta iba, ibas, iba, íbamos, ibais, iban, kuma a nan ser ya kama hanyarsa da era.

Da fue da se fue, ɗaya ne?

Bahaushe ba zai sha wuya a nan ba. Fue a la tienda, ya je kanti, inda aka nufa ake kallo. Se fue, ya tafi, wato ya bar wurin, ko ba a faɗi inda ya dosa ba. Don haka in za ka ce "na tashi da wuri daga wajen bikin", me fui temprano de la fiesta za ka ce, kada ka yar da me ɗin.