Mudu Biyu a Filin Ƙanƙara: Waiwaye Kan Yadda Ake Auna Baƙaƙen 'Yan Wasan Hoki

A watan Disamba na 2010, Darren Pang, tsohon mai tsaron gida da ya koma sharhin wasanni, yana gidan talabijin na TSN a Kanada yana kwatanta wasu matasan 'yan baya guda biyu. Ɗaya shi ne Alex Pietrangelo, farar fata. Ɗayan kuma P.K. Subban na kulob ɗin Montreal Canadiens, baƙar fata haifaffen Toronto, wanda mahaifinsa ya fito daga Jamaika. Pang ya so ya ce Subban ya yi koyi da Pietrangelo domin shi yana yin komai ta hanyar da ta dace, sai ya yi suɓul da baka ya ce "hanyar farare", kasancewar kalmomin biyu sun yi kusa da juna a furucin Turanci. Nan take ya gyara, ya kuma nemi gafara, kuma babu wata hujjar cewa da gangan ya yi. Amma maganar ta ƙi mutuwa, saboda ta faɗo daidai kan abin da baƙaƙen 'yan wasa suka daɗe suna ƙorafi a kai: cewa akwai mudun da ake auna su da shi, akwai kuma na sauran.

Wasan da ake magana ba hokin da ake bugawa a kan ciyawa ba ne. Wannan a kan daskararriyar ƙanƙara ake yinsa, mutum shida kowane ɓangare, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, ana kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanda. Babbar gasarsa ita ce NHL, wadda aka kafa a 1917, yanzu tana da kulob 32 a Amurka da Kanada. Wasa ne na ture da bangaza, har dambe ma ana yi a tsakiyar fili, hukuncinsa yawanci zaman minti biyar a gefe. A riƙe wannan, domin zai yi amfani idan aka zo batun wanda ake kira marar ɗa'a.

Baƙaƙe ba baƙi ba ne a wasan. Tun 1895, shekara 22 kafin a haifi NHL, shugabannin cocin Baptis na baƙar fata a Halifax da ke lardin Nova Scotia suka kafa tasu gasar. A can masu tsaron gida suke zubewa a gwiwa su tare ƙwallo tun lokacin da dokar manyan gasanni ta hana hakan, kuma ana danganta wani salon bugu mai ƙarfi, wanda ake ɗaga sanda sama a maka wa faifan, ga ɗan wasansu Eddie Martin a farkon ƙarni na 20. Shekaru da dama marubutan wasanni suna bai wa Bernie Geoffrion na Montreal, wanda ya yi tashe a shekarun 1950, lambar ƙirƙiro wannan bugu. Sai a 2004 da wasu 'yan'uwa biyu masu bincike, George da Darril Fosty, suka fitar da littafi a kan gasar, sannan jama'a da yawa suka san an ma taɓa yinta. Wannan shi ne nau'in farko na bambancin: ba a zage ka ba, an dai ƙi rubuta sunanka.

Herb Carnegie, wanda aka haifa a Toronto a 1919, sau uku ana zaɓensa gwarzon ɗan wasa a gasar lardin Quebec. Akwai labarin da ya shahara, ko da yake wasu na jayayya a kansa, cewa mai kulob ɗin Toronto, Conn Smythe, ya ce zai ba da dala 10,000 ga duk wanda zai iya mayar da Carnegie fari. Abin da babu jayayya a kai shi ne, a 1948 New York Rangers ta gwada shi, ta yi masa tayin ƙaramin kulob da albashin da bai kai wanda yake samu ba, ya ƙi. Bai taɓa buga NHL ba. Ya rasu a 2012, aka shigar da sunansa zauren girmamawa na wasan a 2022.

Wanda ya fasa ƙofar shi ne Willie O'Ree, ranar 18 ga Janairu 1958, da rigar Boston Bruins, shekara 11 bayan Jackie Robinson ya yi irin haka a wasan besbol. O'Ree ya shiga fili idonsa na dama kusan a makance, sakamakon faifan da ya same shi tun yana ƙaramin kulob, ya ɓoye wa kowa don kada a sallame shi. Wasa 45 ya buga a NHL. Daga shi ba a sake ganin wani baƙar fata a gasar ba sai 1974, lokacin da Mike Marson ya shiga Washington.

Zagi na fili bai taɓa ɗaukewa ba. An jefa wa Kevin Weekes ayaba a Montreal a 2002, an jefa wa Wayne Simmonds ita a garin London na Ontario a 2011, kuma da Joel Ward ya ci ƙwallon da ta fitar da Boston a 2012, Twitter ta cika da ashar na wariyar launi. Irin wannan kowa yana tir da shi, jaridu su yi rubutu mai zafi kwana biyu, a wuce. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar da ta fi wuyar kamawa tana bakin masu sharhi sanye da kwat, waɗanda ba za su taɓa ambaton launi ba, sai dai su yi ta maganar "hali".

Hoki yana da wata doka da ba a rubuta ba: ɗan wasa ya sunkuyar da kai, kada ya yi murna da yawa idan ya ci, kada ya ce "ni", ya ce "mu", ya sa tufafi irin na kowa. Babban mai gadin wannan al'ada shi ne Don Cherry, wanda ya shafe shekaru sama da 30 yana sharhi a shirin daren Asabar da ake kallo a duk faɗin Kanada. Ya caccaki 'yan Turai, ya caccaki masu jin Faransanci, sai a Nuwamba 2019 aka sallame shi bayan ya yi wa baƙin da suka ƙaura zuwa Kanada gori a kan allo. Abin dariyar shi ne, mutumin da ke wa'azin ƙanƙan da kai ya yi suna ne da riguna masu furanni da launin da ke kashe ido.

Subban ya faɗa tsakiyar wannan al'ada yana dariya, yana magana, yana murna. Tun kakarsa ta farko, kyaftin ɗin Philadelphia, Mike Richards, ya ce yaron bai san girman manya ba, kuma idan bai gyara ba wani abu na iya samunsa. Masu sharhi da yawa ba su ga barazana a maganar ba, sun ga nasiha. A 2013 kocinsa Michel Therrien ya hana shi wata 'yar tafawa sau uku da yake yi da mai tsaron gida Carey Price bayan sun ci wasa. A shekarar ce kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan baya na gasar baki ɗaya. A gasar Olamfik ta Sochi a 2014 wasa ɗaya tak aka sa shi. A 2015 ya yi alƙawarin tara dala miliyan 10 na Kanada ga asibitin yara na Montreal, a watan Yuni na 2016 kulob ɗin ya yi musayarsa da Shea Weber na Nashville, ana ta raɗe-raɗin cewa ya cika jan hankali zuwa kansa. A 2017 Mike Milbury na tashar NBC ya kira shi ɗan kama saboda yana 'yar rawa lokacin motsa jiki kafin wasa. Milbury kuwa shi ne wanda a 1979, yana ɗan wasan Boston, ya haura cikin 'yan kallo ya doki wani da takalmin mutumin.

A ɗora wannan kusa da Brad Marchand, farar fata. An dakatar da shi sau takwas saboda mugun wasa, kuma a 2018 ya riƙa lasar fuskar abokan hamayya har sai da hukumar gasar ta ja masa kunne. An soke shi, ba a ce ba a soke shi ba, amma da murmushi: fitinanne ne, irin wanda kowa ke so a ce yana ɓangarensa. A 2023 Boston ta naɗa shi kyaftin. Shi kuwa Josh Ho-Sang, mai tsatson baƙar fata, laifinsa a 2017 shi ne ya sa riga mai lamba 66, lambar da tauraro Mario Lemieux ya yi suna da ita. Babu dokar da ta hana, Lemieux da kansa ya ce bai ga aibu ba, amma aka yi makonni ana muhawara kan rashin kunyarsa.

Akwai kuma 'yan wasa biyu masu suna Kane, waɗanda ba su haɗa dangi ba. Patrick, farar fata, an kama shi a Buffalo a 2009 bisa rikici da direban tasi a kan canjin santi 20, ya amsa ƙaramin laifi na tada hankali, aka ce ƙuruciya ce. Hotonsa ne a bangon wasan bidiyo na gasar da ya fito makonni kaɗan bayan haka. Evander, baƙar fata, ya sa hoto a 2012 yana Las Vegas ya kara damin kuɗi a kunne kamar waya, Winnipeg, garin da yake wa wasa a lokacin, ta ɗauki zafi kamar ya yi sata. Shi da bakinsa ya ce kaso mai yawa na sukar saboda launinsa ne. Gaskiya dai daga baya Evander ya jawo wa kansa abubuwan da ba su da alaƙa da launi, har da dakatarwar wasa 21 a 2021 kan takardar rigakafin korona ta bogi. Masu musun akwai bambanci suna son kafa hujja da shi, suna kuma kawo Jarome Iginla, wanda mahaifinsa Bayarabe ne daga Najeriya, ya yi kyaftin ɗin Calgary shekaru, kuma babu ɗan jaridar da bai yabe shi ba. Iginla ya cancanci yabon. Sai dai a lura da yadda yake: mai fara'a, mai kawaici, gwani na ƙin ƙarawa, ba ya ɗaga murya. Idan sai mutum ya haɗa duk waɗannan kafin a bar shi ya sha iska, ai hujjar ta juya kan masu kawo ta.

Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanon, shi ma yana da tarihin dakatarwa da ya cancanta. Amma a watan Mayu na 2022, da ya yi karo da mai tsaron gidan St. Louis, karon da alƙalan wasa ba su ga laifi a ciki ba, kocin St. Louis cewa kawai ya yi a dubi sunan da Kadri ya yi. Barazanar kisa da zagin addini suka biyo baya har 'yan sanda suka shigo. A wasa na gaba ya zura uku, bayan wata guda ya ɗauki kofin Stanley, babban kofin NHL, da kulob ɗinsa Colorado, ya kai shi masallacin garinsu London na Ontario.

Inda aka fi ganin abin da tambarin "mai wuyar sha'ani" ke jawo wa mutum shi ne labarin Akim Aliu. An haife shi a Okene ta jihar Kogi a 1989, uba ɗan Najeriya, uwa 'yar Yukren. Ya yi ƙuruciya a Kiyef, iyalin suka koma Toronto bai iya Turanci ba. Yana shekara 16, a 2005, ya shiga kulob ɗin matasa na Windsor Spitfires. Al'adar kulob ɗin ita ce a tuɓe sababbin yara tsirara a cusa su cikin ɗan banɗakin motar safa yayin tafiya. Aliu ya ce ba zai shiga ba. Bayan haka, a wajen atisaye, babban ɗan wasan kulob ɗin, Steve Downie, farar fata, ya maka masa sanda a baki. Aliu ya ce haƙora bakwai ya rasa. Ya shiga ciki, ya fito, suka dambace, kyamara ta ɗauka. An dakatar da koci, an ci kulob tara, an sayar da yaran biyu.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Watanni kaɗan bayan haka Downie yana sanye da rigar Kanada a gasar matasa ta duniya, ya ci zinare, masu sharhi na yabon zafin zuciyarsa. A 2007 an dakatar da shi wasa 20 saboda wani mugun bangaza, duk da haka ya buga wasa sama da 400 a NHL. Aliu, wanda aka yi hasashen za a ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2007, ya zame zuwa na 56. Duk rahoton da aka rubuta a kansa sai an saka batun hali. A ƙaramin kulob na Rockford, kocinsa Bill Peters ya shigo ɗakin sauya kaya ya yi ta maimaita kalmar nan ta cin zarafin baƙar fata saboda waƙar da Aliu ya kunna. Ba da jimawa ba aka tura Aliu gasa ta ƙasa da wannan. Ya yi yawon kulob sama da 20, wasa bakwai kacal ya buga a NHL.

Shekara goma ya yi shiru. Ranar 25 ga Nuwamba 2019 ya rubuta abin da ya faru a Twitter, tsofaffin abokan wasansa biyu suka tabbatar wa TSN, kwana huɗu bayan haka Peters ya ajiye aikin kocin Calgary. Cikin waɗannan shekaru goma ɗakin ya cika da shaidu, kuma 'yan jaridar da ke shiga ɗakunan kullum sun san a rubuta cewa yaron yana da matsala, ba su tambayi daga ina matsalar ta taso ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗan jaridar wasanni yana cin abinci ne da abin da koci da manaja suka raɗa masa, kuma su da shi galibi daga gida ɗaya suka fito. Rahoton da NHL ta fitar da kanta a 2022 ya nuna kashi 83.6 cikin ɗari na ma'aikatan gasar da kulob-kulob ɗinta farare ne, baƙaƙe ba su kai kashi huɗu ba.

A watan Yuni na 2020, bayan kisan George Floyd, Aliu da Evander Kane da wasu 'yan wasa suka kafa ƙungiyar Hockey Diversity Alliance. Zuwa Oktoba ƙungiyar ta sanar da raba gari da NHL, tana cewa hukumar ta fi son tallar kyautata suna a kan ɗaukar alƙawarin da za a iya aunawa. Shi kuma Peters bai daɗe a zaune ba. A 2020 ya samu aikin koci a Yekaterinburg ta Rasha, a watan Agusta na 2023 kuma kulob ɗin Lethbridge Hurricanes na Kanada ya damƙa masa horar da yara 'yan shekara 16 zuwa 20.